Yadda za mu riƙe matasanmu cikin bangaskiya a Damagaram: abin da na koya a bakin butar shayi

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, ina cikin tattara benci wata mama ta tare ni a bakin ƙofa, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Malam, don Allah ka kira ɗan naka ka yi mishi faɗa, ni kam na gaji, sati huɗu ke nan bai tako nan ba, kullum sai ƙarfe ɗayan dare yake shigowa gida." Na ce to Mama, ina yake zama? Ta yi shiru. Na ce da su wa yake zama? Ta ce oho, abokan banza dai. To ka ji fa. Yaro ɗan shekara 17, uwar da ta haife shi ba ta san inda yake zama ba, ni da ake ce ma mai kula da matasa ban sani ba, amma mu biyun duka mun shirya tsaf mu yi mishi faɗa.

Ni ba fasto ba ne, ban yi makarantar Littafi Mai Tsarki ba, shekaru dai na yi ina zama da yaran majami'armu, na yi kuskure da yawa na kuma ga abin da yake ci. Shi ne nake so in shimfiɗa ma iyaye da shugabannin zumuntar matasa da malaman makarantar Lahadi, mataki mataki, yadda ko wanda bai taɓa yi ba zai iya farawa cikin satin nan.

Amma mu fara da lissafi. Sati ɗaya awa 168 ne. Sujadar Lahadi in ta yi tsawo awa uku. Sauran 165 ɗin fa, wa ke riƙe da yaron? Lakwal, fada (wato wurin da samarin unguwa ke zaman hira da shayi), gareji, kasuwar Dole, da wayar da ke hannunshi. Ga shi kuma ƙidayar 2012 ta nuna mu Kirista ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba a Nijar, to a nan Damagaram sai ka tarar da yaro shi kaɗai ne Kirista a ajinsu kaf, wani ma a layinsu kaf. Da yawa iyayensu daga Benin ko Togo ko Nijeriya suka zo, amma su yaran nan aka haife su, Hausar bakinsu ta fi yaren gidansu, tunaninsu na ƴan Damagaram ne. Saboda haka in bangaskiyar da muke koya musu ba ta iya fita daga majami'a ta bi su fada ba, to ta Lahadi ce kawai, kamar takalmin da ake ajiyewa ƙarƙashin gado sai wani satin.

Fara da kaye da bik, kada ka fara da taro

Abin da mu shugabanni muke so shi ne shirya babban taro, a kawo mai wa'azi daga Maraɗi ko Yamai, a ɗauko lasifika, a dafa shinkafa. Ba laifi ba ne amma ba nan ake farawa ba. Sayi kaye ɗaya, wato littafin rubutu. Rubuta sunan kowane matashi daga shekara 12 zuwa sama, har waɗanda suka daina zuwa, su ne ma kan gaba. Gaban kowane suna ka rubuta unguwarsu, ajin da yake ko sana'ar da yake koyo, wanda yake zaune a hannunshi, da inda yake hira da dare. Za ka sha mamakin gurabe nawa ne ba ka iya cikawa ba. Ni ranar da na fara, fiye da rabi ban san inda suke hira ba.

Daga nan sai tafiya, zumunta ai a ƙafa take. Sati guda mutum biyu ya isa. Wanda ke gareji ka je garejin, ka gaida maigidanshi da mutunci, ka zauna kan tsohuwar taya minti goma ka tafi. Kada ka buɗe Littafi, kada ka ce me ya hana ka zuwa ranar Lahadi, wannan tambayar ita ke sa yaro ya riƙa canza hanya in ya hango ka. Ka tambaye shi aikin, ka bari ya nuna maka abin da ya iya. Ɗan mamar nan da na fara da labarinshi, a wata fada can wajen Garin Malam na same shi, ya gan ni ya daskare da kofi a hannu, ya zaci tonon asiri na zo. Na yi sallama na gaida abokanshi ɗaya bayan ɗaya, suka ba ni kujera, na sha shayinsu, muka yi gardamar Real da Barsa, na tashi. Ya rako ni har bakin titi yana ta jiran faɗan, ban yi ba. Sai da na hau moto ya ce, "Tonton, Mama ce ta turo ka ko?" Na ce ita ta tuna mini da kai, amma ƙafata ce ta kawo ni.

Buɗe taku fadar

Yaro ba zai bar fada don ka ce ya bari ba. Fada tana ba shi abin da majami'a ta kasa ba shi, wato wurin da in bai zo ba za a tambaya, in ya yi magana za a saurara, in babanshi ya rasu za a zo a kafa rumfa. To maimakon yaƙi da fada, yi taka. Kuma ba ina nufin ya rabu da abokanshi Musulmi ba, a'a, da yawansu yaran kirki ne, wasu ma sun fi namu tarbiyya, gaskiya ɗaya ce. Nufina ya samu zama ɗaya a sati inda ake maganar Yesu da irin muryar da ake hira da ita.

Kayan aikin ba su da yawa: tabarma biyu, butar shayi, ƙananan kofuna, gawayi na dala ashirin, ganyen shayi da sukari, in da hali gyaɗa. Ku tsayar da rana ɗaya kada ku riƙa canzawa, mu Asabar da la'asar muke yi don ƴan mata su koma gida kafin magariba. A ƙofar gidan wani dattijo ko a harabar majami'a, kuma in akwai ƴan mata dole wata mama ko babbar yaya daga zumuntar mata ta zauna, wannan ba abin sasantawa ba ne, kariya ce gare su kuma kariya ce gare ka, garin nan magana ba ta da wuyar tashi.

Shayin da kanshi ya raba mana lokaci, tun da zagaye uku ake yi. Na farko mai ɗaci, hira ce zalla, kowa ya faɗi yadda satinshi ya wuce, kai babba ka kama bakinka ka saurara. A na biyu ake karatu. A na uku addu'a, kowa ya yi ma na kusa da shi a kan abin da ya ji ya faɗa a zagayen farko, ka ga dole ya saurara ke nan.

Wajen karatun ku fara da Markus, sura 16 ce kawai, labari ne a guje babu dogon bayani. Kada ku cinye sura guda a zama ɗaya, labari ɗaya ya isa. Mutum ɗaya ya karanta da Hausa, wani ya maimaita da Faransanci saboda ƴan lakwal da suka fi sabawa da shi, sannan a rufe littafin wani ya ba da labarin da ka. Sai tambaya uku, kullum su ne ba sa canzawa: me ya ba ka mamaki a nan, me wannan ya nuna maka game da Yesu, sannan me za ka yi da shi kafin Asabar mai zuwa? Ta ukun ita ce mai nauyi, kuma in an dawo sai a tambaya, wane, ka ce za ka nemi gafarar ƙanwarka, ka yi?

Kuskuren da na yi watannin farko, ni nake magana daga farko har ƙarshe, kusan awa guda, ina jin daɗin muryata. Wata rana na ɗaga kai na ga uku suna gyangyaɗi ɗaya yana latsa waya a ƙarƙashin riga. Na tuna Aftikos a Ayyukan Manzanni sura 20, saurayin da barci ya kwashe yana zaune a taga Bulus na ta dogon jawabi har tsakar dare, ya faɗo daga bene na uku. Na ce to in Bulus ma ya sa saurayi barci, ni wane ne. Tun daga ranar na sa ma kaina doka, maganata gaba ɗaya kada ta wuce minti goma.

Abin da zai riƙe shi sauran kwana shida

Karin Magana sura 31 ce, wata kuma yawanci kwana 30 ko 31, to kowa ya karanta surar da ta yi daidai da kwanan wata. Wanda ya tsallake kwana uku ba sai ya rama ba, ya duba kwanan wata ya ci gaba, don ramuwar ce ke sa su yanke ƙauna su watsar. Ku buɗe gurup na WhatsApp, kowace safiya mutum ɗaya, bi da bi, ya tura murya ta minti ɗaya: ayar da ta taɓa shi da dalili. Murya ta fi rubutu saboda akwai waɗanda karatu ke ba wuya kuma ba za su taɓa faɗa maka ba. Dokar gurup biyu ce, ba siyasa, ba tura bidiyon zagin addinin kowa. Wanda ba shi da babbar waya a haɗa shi da maƙwabcin da ke da ita. Shi ke nan wannan, ba ya son dogon tsari.

Ɗauki halaye ɗaya bayan ɗaya, a inda suke cizo

"Ku zama yaran kirki" ba koyarwa ba ce, kowa ya san wannan. Yaro yana so ya san abin da zai ce a daidai lokacin da abin ya taso. Don haka wata guda mu kan ɗauki matsala ɗaya, mu yi ta kamar wasan kwaikwayo a kan tabarma, ɗaya ya zama mai jarraba ɗaya ya ba da amsa, a yi dariya, a gyara, a sake.

Misali watan da jarabawar BEPC da ta BAC suka matso, maganar satar amsa muke yi. Wani ya zama abokin da ke cewa an turo sujen, wato tambayoyin jarabawar, a waya, kawo jika biyu a sa ka a gurup. Me za ka ce? Amsar farko da yara ke bayarwa ita ce "ni Kirista ne ba na yi", sai sauran su fashe da dariya don sun san ba wanda zai faɗi haka a gaban abokai. A hankali su da kansu suke nemo wadda za ta faɗu a baki, kamar "bar ni da wahalata, in na ci in san ni na ci". Kuma kada mu tsaya ga hani, mu haɗa ƴan jami'ar André Salifou da ke cikinmu su riƙa yi ma ƙannensu bitar lissafi da Faransanci kyauta, don yaron da ya iya ba ya neman sata. Haka maganar kuɗi, ɗan kabu-kabu da ya ga baƙo bai san gari ba ya ninka mishi kuɗi, yaron shago da ke ƙara dala hamsin kan abin da maigida ya faɗa ya soke a aljihu, cacar ƙwallo ta waya da ke cinye kuɗin karin kumallo. Ku kira kowanne da sunanshi.

Tramol kuwa sai na ɗan daɗe a kai don shi ne ya fi ci mini rai. Yawancin yaran da suka faɗa ba don iskanci suka fara ba. Aiki ne, mai tura kurar ruwa lokacin zafi da jarkoki cike, mai bugun bulo, ɗan kabu-kabu da ke son ya kai dare, wani ya ce jefa ɗaya a shayi gajiya za ta tafi. Ta tafi ɗin kuwa, sai gobe ɗaya ba ta isa ba. Alamomin da za ka lura da su: rama, rashin cin abinci, saurin fushi, barci ya rikice, ƙananan kaya su fara ɓata a gida, wani har faɗuwa yake yana karkarwa kamar mai farfaɗiya. In ka gano, kada ka kai maganar gaban jama'a, kada ka sa shi cikin roƙon addu'a da suna ranar Lahadi, wallahi in ka yi haka ka rasa shi. Ka same shi shi kaɗai. Kuma ka sani wanda jikinshi ya saba ba ya iya yankewa dare ɗaya, zai sha ciwon jiki da zufa da rashin barci har ya koma, saboda haka addu'a da likita tare suke tafiya, ka raka shi asibiti da ƙafarka. Na taɓa yin wautar karɓe ƙwayoyin wani yaro na zuba a masai na sa shi ya yi alkawari da hannu a kan Littafi, na koma gida ina jin na yi aikin Allah. Kwana uku ya koma, kuma kunyar karya alkawarin ta sa ya ɓace mini wata biyar. Da na san abin da na sani yanzu da ban sa shi rantsuwa ba.

Labarin da ya fi shiga yaranmu a nan shi ne Daniyel sura 1. Saurayi ne a Babila, tsiraru ne su, an canza musu suna an sa su makarantar sarki, bai yi tawaye ba bai zagi kowa ba, ya yi karatun har ya fi kowa, amma ya ƙudura a ranshi abu ɗaya ba zai ci ba, ya kuma roƙa da ladabi a gwada su kwana goma da ganye da ruwa. Sai in tambaye su, kai mene ne abu ɗayan da ka yanke tun kafin a miƙo maka? Don in sai an miƙo za ka fara tunani, ka makara.

Samari da ƴan mata

Nan kam raba su ya fi, maza da wani baba, mata da wata mama wadda ba ta da saurin salati da tafa hannu, don in yarinya ta faɗi abu aka zaro ido ba za ta ƙara ba. A yi maganar a fili: hotunan da ake turawa a waya ba sa gogewa, saurayin da ke saya miki kiredi da waya yana rubuta bashi ne a ranshi, kuma Yusufu a gidan Fotifar bai tsaya muhawara ba, rigarshi ya bari ya ruga. Amma mu manya mu ma a faɗa mana gaskiya. Muna ce ma yara su jira aure, sannan mu tsawwala kuɗin aure da akwati da biki har saurayi mai sana'a ya kai shekara 35 bai tara ba. Ga mu ƴan kaɗan, yarinya ta duba majami'a kaf ba ta ga sa'anta ba. Dattawa su zauna su rage kaya, a kuma riƙa kai matasa tarukan ikilisiyoyin wasu garuruwa, su Maraɗi da sauransu, su san juna. Wa'azin tsarki ba tare da wannan ba, ɗora ma yaro kaya ne ka hana shi gammo.

Zama da maƙwabta, da abin da ya faru a 2015

Ba yadda za a yi ka yi aikin matasa a Damagaram ka tsallake wannan. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa, an ƙona majami'u da gidaje da shagunan Kirista a garin nan, washegari abin ya kai Yamai, mutane da yawa a barikin soja suka samu mafaka. Yaron da yake shekara bakwai a lokacin yanzu saurayi ne, kuma ya tuna hayaƙin ko da bai taɓa faɗa ba. In ba mu buɗe maganar ba tana nan tana ruɓa a ciki, wani ta zama tsoro har ya riƙa ɓoye sunanshi, wani ta zama ƙiyayya.

Yadda nake yi, ina gayyato dattijo ko dattijuwar da abin ya shafa su ba da labari da bakinsu, duka labarin, har da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye mutane a ɗakunansu suka tsaya a ƙofa, don wannan ma ya faru kuma yara suna da haƙƙin su sani. Sannan mu karanta Romawa 12 daga aya 17 zuwa ƙarshe, inda aka hana rama mugunta aka ce mu yi iyakar ƙoƙarinmu mu zauna lafiya da kowa. Ba na tilasta ma kowa ya ce ya yafe a ranar. Wata yarinya ta taɓa ce mini, "Tonton, ni har yanzu in na wuce layin nan gabana faɗuwa yake." Ban ba ta aya ba, na ce ni ma.

Ina kuma gaya musu su ba baƙi ba ne. Tun 1924 ƴan mishan na SIM suka fara aiki a Zinder, wato Damagaram ɗin nan, a lokacin nan ɗin ne ma babban birnin ƙasar, sai a 1926 Turawa suka mayar da shi Yamai. Wato shekara ɗari ke nan ana kiran sunan Yesu a garin nan. Kuma abin da ya sa ake ganin mutuncin Kirista a ƙasar nan ba gardama ba ce, aiki ne, ka tambayi duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin Galmi da aka buɗe tun 1950. Irmiya ya rubuta ma waɗanda aka kwashe zuwa Babila su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki su yi mishi addu'a, to balle mu da garinmu ne.

A aikace ga abin da muke koya musu. Lokacin azumi kada ka ci ko ka sha a gaban abokinka, ba don an tilasta ka ba, don kara. In an kira salla kuna hira, kai ka tsare kayan shayin har su dawo. In an kawo naman layya ko abincin salla a karɓa da godiya, in Nowel, wato Kirsimeti, ta zo a kai musu namu, wanda lamirinshi bai ba shi ya ci wani abu ba kada a matsa mishi amma kada ya wulaƙanta wanda ya kawo. Rasuwa, suna, biki, a je. In an tambaye ka me ya sa kuke cewa kaza, ka amsa gajere da ladabi yadda Bitrus ya ce a wasiƙarshi ta fari sura 3, in ba ka sani ba ka ce zan tambayo, in ka ga tambayar ta neman faɗa ce ka yi murmushi ka canza hira. Kuma ko da wasa, ko a Facebook, bakinka kada ya taɓa abin da wani yake girmamawa. Wannan ma muna gwada shi a kan tabarma kamar na satar amsa.

Ba shi aiki, na majami'a da na ci

Yaron da aikinshi kawai ya zauna a bencin baya yana kallon manya, wata rana zai daina zuwa kuma ba abin da zai tsaya. To a sa wani abu ya tsaya in bai zo ba. Wannan shi ke da makullin ɗakin kayan kiɗa, wannan ita ke karanta nassi, wancan shi ke rubuta kuɗin shayi a kaye ya karanta ma kowa ƙarshen wata, a nan ne ma ake koyon amana da dala ɗari kafin a kai ga jika ɗari. Za su yi kuskure, za a karanta aya a karkace, dattawa su daure. Bulus ya ce ma Timoti kada kowa ya raina ƙuruciyarshi, amma mu mun fi son rabin ayar da ke cewa ya zama abin koyi, mun manta rabin farko da mu ake.

Sai sana'a. Bulus da kanshi ɗinkin tanti yake yi, kuma cikin da ba komai ba ya jin wa'azi. Ku duba cikin ikilisiya wa ke da shagon ɗinki, walda, gyaran waya, aikin fata da aka san garin nan da shi, kowa ya ɗauki yaro ɗaya, in babu a cikinmu a kai shi wajen maƙwabci mai amana. Ƙaramin adashi tsakanin masu sana'ar yana saya ma mutum ɗaya kayan aiki a wata. Yawancin masu kama hanyar Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya ba son tafiyar suke ba, zaman banza ne ya kore su.

Iyaye kuma, kalma ɗaya. In mai bin bashi ya yi sallama ka ce ma yaro je ka ce ba na nan, ka rushe abin da muka gina wata uku. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ku riƙa addu'a tare ko minti biyar ne bayan tuwon dare, kuma ranar da ka yi ma ɗanka ba daidai ba ka ce ya yi haƙuri, ba ya rage maka girma.

In ya faɗi, ko ya tafi

Za su faɗi, wannan ka sa a ranka tun yanzu. Wata za ta yi ciki, wani za a kama shi da kayan sata, wani zai bar bangaskiyar gaba ɗaya. Horon ikilisiya yana da wurinshi kuma na dattawa ne, amma kai mai kula da matasa aikinka kada zaren ya tsinke. Kada ka goge sunan daga kaye, kada ka cire shi daga gurup sai in shi ya fita. In yana komisariya kai mishi abinci. Yarinyar da aka dakatar, mamar nan ta zumuntar mata ta ci gaba da zuwa gidansu, ta raka ta awo. Wanda ya zaɓi wata hanya kuma ka ci gaba da gaishe shi a kasuwa kamar da, ɗanku ne har gobe. Wanda zai tafi karatu Yamai ko neman kuɗi Kano, kafin ya hau mota ka nemo mishi lambar wani mai bi a can, ka kira mutumin a gabanshi.

In ya dawo kuma kada a yi mishi taron tambayoyi. Ɗan mamar nan sai da ya yi wata biyu bayan zuwana fadarsu kafin ya leƙo tamu, ya zo a makare ya raɓe a bakin tabarma da hula har ido. Na riga na gargaɗi sauran kada wanda ya ce "yau wace rana". Mai shayin ranar bai iya ba, kumfa ta ƙi tashi, yaron ya yi ta kallo har ya kasa daurewa ya ce kai miƙo nan, ɓata ganye kawai kake. Ya karɓi butar. Har yau Lahadi sai ya ga dama yake zuwa, mamarshi tana ta ƙorafi, amma Asabar shi ke zuwa da gawayi.